Jan Ɗigon Bagadaza

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfutata ta tona mini asiri a gaban manya ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Lokacin ban fi wata uku da fara aiki ba a wata ƙungiya da ke gyaran rijiyoyin burtsatse a unguwannin Gombe. Aikina shi ne in haɗa taswira a shafin intanet, irin wadda in ka kai maus kan unguwa sai wani ɗan akwati ya buɗe ya gaya maka rijiyoyin da ke wurin: koren ɗigo mai aiki, jan ɗigo wadda ta lalace. Na yi ta kuwa ta yi kyau, ɗigogi har wani ƙyalli suke yi in an taɓa su. Kaina ya kumbura sosai (ni da na koyi rabin abin a bidiyon waya, amma a ofis tafiyata ma ta canja).

Bayanan da nake zubawa a taswirar kuwa duk daga hannun Mama Rifkatu suke fitowa, wata dattijuwa 'yar Kaltungo da ta daɗe a aikin tun ina firamare. Ita ce ke bin unguwanni da ƙafa, da wani tsohon littafi a jaka, tana taɓa kowane famfo da hannunta. Ba ta ba ka lamba sai ta gani da idonta. Ni kuwa wannan ɗabi'a tata ta ishe ni, domin kullum na nemi bayanan unguwar Bagadaza sai ta ce, "Ɗana, a jira tukuna. Akwai abin da ban gamsu da shi ba."

Wata rana haushi ya kama ni. Akwatin Bagadaza ba ya buɗewa in babu rubutu a ciki, ni kuma ina son gwadawa, sai na cika shi da abin da ke raina: "Mama Rifkatu ta ce a jira. Kullum a jira. Surutu ya fi aiki." Na yi dariyata ni kaɗai, na ce zan goge anjima.

Kun dai san sauran. Ban goge ba.

Ranar taron ta zo, a wani zaure a GRA. Ga masu unguwanni, ga shugabanmu, ga baƙin da za su yanke shawarar inda za a fara gyara. Na sha sabuwar shadda, na tsaya gefen majigi ina ta zuba. Aka taɓa unguwar Hammadu Kafi, akwati ya buɗe tsaf, mutane suka ce, "Kai, madalla!" Shugaba ya ji daɗi har ya ce wa Mama Rifkatu, "Madam, zo ki riƙe maus ɗin da kanki, ai aikinki ne."

Tana zama wani mai unguwa ya ɗaga hannu. "A nuna mana Bagadaza."

Wallahi a daidai lokacin na tuna. Kafin in yi wani abu, ta riga ta ja maus. Ina kallon 'yar kibiyar nan tana tafiya a hankali a kan bango kamar mai zuwa ɗaukar raina. Akwati ya buɗe, da manyan baƙaƙe (ni na ƙara musu girma da safen nan don na baya su gani da kyau).

Wani a baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Shugaba ya juyo ya dube ni, na dubi takalmina.

Mama Rifkatu ta gyara tabarau, ta karanta shi a fili, kalma bayan kalma, har da surutun. Sannan ta ce, "To, yaron bai yi ƙarya ba, na ce a jira. Bari ku ji dalili."

Ta zaro littafinta. Ta ce a takardar rahoton da aka ba mu rijiyoyin Bagadaza duk lafiya suke, amma ita ta je da sassafe ta tarar da mata da jarkoki suna tsallaka titi neman ruwa. Ta koma sau uku. Ashe ɗaya ruwanta ya ƙafe, ɗaya kuma sai ranar da aka ji masu dubawa za su zo ake ɗaura mata hannun famfo. Ta faɗi layin da kowace take, da wanda ke kula da ita, ba ta ko sake duba littafin ba. Mai unguwar, wanda ashe na Bagadaza ne, ya miƙe ya ce, "Wallahi haka ne, Madam. Mun gaji da faɗa."

Da na bi son raina na zuba abin da ke takarda, da Bagadaza ta fito kore shar, an tsallake ta.

Sai ta miƙo mini maus ɗin. "Ɗana, mai da mana ɗigogin biyun nan ja, kowa ya gani." Na karɓa na gyara, ɗigogin suka koma ja a gaban kowa. Aka sa Bagadaza a farkon layi.

Bayan taro na same ta a bakin ƙofa, na durƙusa har ƙasa da shaddata. "Mama, ki yafe mini."

"Tashi, kada ka ɓata kayanka," in ji ta. "Taswirarka ta yi kyau. Amma gobe ka sa takalmin da ba ka tausayinsa, tare za mu fita."

Na bi ta kuwa, kwana huɗu a rana. Tun daga nan, in zan gwada akwati, "gwaji" kawai nake rubutawa. Shi ma sai na karanta sau biyu, na waiga bayana.