Baƙar Ɗamarata a Kejin Kaji

"Ku kawo mini duk wanda kuka ga dama, daga nan har Babura. Kafin ya ƙifta ido na taɓa shi na dawo wurina."

Ni na faɗi wannan da bakina, a gaban mutum fiye da ashirin, kuma lafiyata ƙalau.

Sunana Zaharadeen, tela ne ni a Kazaure, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Amma karate kam, shekara ashirin da biyar ina yi. Malam Toma, wani ma'aikaci da aka taɓa kawowa garin nan, shi ya koya mini, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya miƙo mini baƙar ɗamararsa, wadda ƙwararru ke ɗaurawa. Ni na ce cancanta ce. Matata Zaituna, Allah ya jiƙanta, ta ce jakarsa ce ta cika.

Ba ta taɓa ɗaukar abin da daraja ba. In ta gan ni a tsakar gida ina naushin iska, sai ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, an fara rawar?" Sau uku tana roƙona ɗamarar ta ɗaure akuyarta ina hanawa. Sai ta ce, "To adana ta. Wannan igiyar wata rana za ta yi amfani."

Bara ta rasu. Ba zan ja maganar ba. Gidan dai ya yi mini girma, musamman bayan la'asar. Abin da ya riƙe ni shi ne wani ɗaki na ƙungiyar matasan unguwarmu, inda nake koyar da karate. Ɗaliban duk sun watse tuntuni, ni kaɗai nake shiga, amma makullin yana aljihuna, kuma can nake fakewa don kada in zauna ina kallon turminta.

Kwatsam sai ga Jalaluddeen, wani matashin unguwarmu, ya dawo daga Kano da waya cike da bidiyon faɗan keji, wanda ake haɗa dambe da kokawa da shuri duk a wasa ɗaya. Ya ce ɗakin yake so, yana da mutum goma sha biyu. Shugaban ƙungiya ya tara mu gaban jama'a. A nan ne bakina ya riga hankalina, na yi waccan cika-bakin. Aka yanke: in na ci, makulli nawa ne, in aka ci ni, in miƙa.

Jalaluddeen ya jawo ni gefe. "Baba Zaharadeen, bari in yi maka bayanin dokar. A nan ba a tsayawa sai an buga ƙararrawa, ko mutum ya daddaki ƙasa da hannu alamar ya sallama."

"Kai, tun kana cikin tsumman goyo nake wannan sana'a."

"Baba, ka ji dai abin da na ce?"

"Na ji." Wallahi ban ji ba. Ina tunanin yadda zan ɗaga hannu ne bayan nasara.

Ran Asabar da yamma suka kewaye fili da wayar kaji, suka shimfiɗa tsofaffin katifu. Na ɗinka wa kaina farin kaya sabo fil, ya sha guga, na ɗaura ɗamara. Sai aka shigo da abokin karawata: Lauwali, ɗan kokawa daga Gwiwa, mai ɗaukar buhunan dawa ranar kasuwa. Wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Baba, ina wuni? Likita ne kai?"

Jama'a suka kwashe. Na ce a raina, yi dariyarka, buhun gero.

Alƙalin wasa ya ce mu gaisa. Su gaisuwarsu taɓa safar hannu ce, mu tamu sunkuyawa. Lauwali ya miƙo dunƙulallen hannu, ni kuma na sunkuya da ƙarfi, goshina ya sauka a kai, ƙum! Wani ya yi ihu daga baya, "Ɗaya ba ko ɗaya, kuma shi ya kai kansa!"

Aka buga ƙararrawa. To a nan, jama'a, ku ba ni haƙƙina. Lauwali ya kawo cafka, na zame. Ya sake kawowa, ya rungumi iska. Sanin tazara kam karate ta ba ni. Karo na uku ya taho da haɓa a buɗe kamar ƙofar zaure. Na shiga kamar walƙiya, na kai naushi daidai haɓar.

Sai dai a wasanmu ba a dukan mutum da gaske. Kana kai hannu ka tsayar da shi daidai fata, ka yi ihu, ka janye shi zuwa ƙugu, alƙali ya tsayar da wasa ya ba ka maki. Shekara ashirin da biyar hannuna yana haka. Na shafi gemun Lauwali kamar mai cire masa ƙaiƙayi, na kurma ihu, na ja da baya, na juya na kalli alƙali ina jiran makina.

Alƙali ya kalle ni. Na ɗaga masa gira. Ya ce, "Baba, bayanka."

Abin da na fara gani shi ne duwatsun Kazaure a kife. Ɗamarar nan da nake taƙama da ita, ita Lauwali ya kama ya ɗaga ni, har yana cewa, "Kai, wannan buhun da mariƙi ya zo." Ya nana ni a inda katifu biyu suka rabu, ya zauna mini a ƙirji, ya murɗe hannuna.

"Daddaki ƙasa, Baba!" in ji Jalaluddeen.

Da wane hannun? Ɗaya yana wurin Lauwali, ɗaya ina kwance a kansa. Sai na ce, "Lauwali, don girman Allah, ni sa'an babanka ne."

Haka aka tashi wasan. Jalaluddeen ya durƙusa ya zaro makullin daga aljihuna da kansa, don ni ba hannu. Ya ce, "Wallahi Baba, shigar nan taka ba mai irinta a cikinmu. Da ka ƙarasa naushin, da yanzu Lauwali yana barci. Ka riƙa zuwa bayan la'asar kana koya mana ita. Tsayawar ce kawai ba ma so."

Na ce zan duba. Ka ji, wai zan duba.

Aka kai ni gida a adaidaita, aka kira mai ɗori. Dela, ƙanwar marigayiya, ta zo daga Roni kawo mini fura, ta tarar da ni ina nishi.

"Yaya, nawa ka kashe?"

"Na taɓa shi, Dela. Kowa ya gani."

"To madalla. Shi kuma ya rama taɓawar ke nan?"

Mai ɗori ya mayar da kafaɗa, ya ce a samo abin da za a rataye hannun a wuya, mai ƙwari, mai tsawo. Aka duba ɗaki ba a samu ba. Sai idonsa ya sauka a ƙuguna. Ya kwance ɗamarar, ya ja ta, ya gyaɗa kai, ya naɗe hannuna ya ƙulle a ƙeya.

Dela ta tsaya tana kallo. Idonta ya cika da hawaye, bakinta yana rawa, na ɗauka tausayina take ji. Sai ta fashe da dariya.

"Allah sarki Yaya Zaituna! Ta faɗa. Ga igiyar ta yi amfani, har akuyar ma an samu."