Akuyar da ta cinye kuɓewar Inna

Cikin duk kunyar da na sha a rayuwa (kuma na sha da dama), wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba ita ce ta kuɓewar Inna.

Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a a Kano, ina karanta ilimin kwamfuta. Aikin da malamina ya ba ni shi ne in koya wa kwamfuta bambance furanni. Ba hoto ake nuna mata ba. Za ka auna tsawon ganyen fure da faɗinsa, ka ba ta awon tare da sunan furen, ka yi ta maimaitawa har ta gane da kanta, ta yadda in ka kawo awon sabon fure za ta ce maka na kaza ne. Don in burge malam sai na zaɓi kuɓewa da rama da yakuwa, masu furanni kamar 'yan ɗaki ɗaya. Duka ukun mahaifiyata, Inna, tana shuka su a bayan gidanmu a Dutse.

Da na zo hutu, kullum gari na wayewa sai in zagaya baya da rula. To, auna fure a jikin shuka akwai wahala, ga raɓa ga ƙaiƙayi. Sai na samo dabara irin ta masu ilimi: in tsinko, in zuba a hula, in shiga ɗaki in baje a tabarma in auna a natse. (Na san fure ne ke zama kuɓewa. Wallahi na sani. Kawai ban taɓa haɗa wannan sanin da miyar da nake sha ba.)

Ana nan sai Inna ta fara faɗa, wai akuyar maƙwabciyarmu na yi mata ɓarna. Maƙwabciyar ita ce Maman Rahila, Kirista ce 'yar Filato, mai ɗinki, danga ce kawai ta raba mu. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, da wasu 'yan'uwanta suka tattara suka koma gida, Inna ce ta riƙe ta ta ce, "Babu inda za ki, ai nan ne gida." Irin wannan amincin ne akuya ta shiga tsakani, har gaisuwa ta koma ta sama-sama, aka daina miƙa kwanon tuwo ta kan danga.

Ni fa da na ji zancen akuya, tsoro na ji kada ta riga ni cinye furannin. Sai na ƙara sammako, na ƙara yawan tsinka.

Daga baya na ji cewa Maman Rahila ta shigo da ƙwalla a ido ta ce wa Inna, "Yaya, na ɗaure akuyar, ranar kasuwa zan sayar. In zaman ne ya ƙare, ki faɗa mini in bi 'yan'uwana. Amma ni ban taɓa ganin akuyar da ke cin fure ta bar ganye ba. Mu yi gadi gobe tare."

Washegari na fito har da 'yar waƙata, na tsuguna tsakiyar kunyoyin kuɓewa, na cika hula. Ina ɗagowa sai ga su biyu zaune a gindin zogale, sun zuba mini ido. Ni da rula a bayan kunne, fure ɗaya a leɓe don hannuwa sun cika.

Maman Rahila ce ta fara magana, a hankali: "Yaya, ga akuyar."

Na buɗe baki zan yi bayanin kimiyya, furen ya faɗo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ta dube ni, ta dubi hular. Ta tashi ta zagaya gidan Maman Rahila, ta kwance akuyar da hannunta, ta dawo ta kama hannun ƙawarta ta ce, "Ki yafe ni. Ashe tawa ce ban ɗaure ba." Suka yi dariya har da hawaye, kuma ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya kamar ranar ba.

Sauran awon a jikin shuka na yi shi. Inna ke riƙe mini furen da yatsu biyu, tana cewa, "A hankali, miyarka ce." Kwamfutar ta koya, na ci jarrabawa, amma da rani kuɓewar Maman Rahila muka sha.

Har yau in na je gaishe da Maman Rahila, yanzu da ta tsufa, sai ta leƙa bayan gida ta ce a rufe lambu. Darasin da na ɗauka shi ne, duk lokacin da aka ce ana ɓarna a gida, kafin in taya neman mai laifi sai na fara leƙa cikin hulata.