Jatan Landena Maza Ne, Ofis na Neman Ƙwai

Jiya na yi awa uku a layin mai da bokitin jatan lande a tsakanin ƙafafuna. Mai tasin da ke bayana ya leƙa bokitin, ya tambaye ni ko su ma mai suka zo sha. Na ce masa a'a, ofis za mu, an kira su su kare kansu.

Bara ne Masu Girma suka kawo shirin kiwon jatan lande na ruwan daɗi. Na tumɓuke lambun alayyafon maiɗakina na haƙa tafki, har yau ba ta gama yafe mini ba. Aka ba ni injin jan ruwa da 'ya'yan iri. Malamar bincike da ke ƙasan benen ofishin shirin, mace mai haƙuri da irin kaina, ta yi mini bayani. A gindin ƙafar namiji ta ƙarshe akwai wani ɗan mitsitsin ƙullutu, ƙwayoyin cikinsa ne ke fitar da sinadarin da ke mai da shi namiji. In aka cire shi tun yana ƙarami sai ya rikiɗe mace, in kuma wannan macen ta yi ƙwai, duk maza za a ƙyanƙyashe. Maza sun fi girma da nauyi, shi ya sa maza zalla suka raba mana.

Sai ga takarda daga saman wannan benen dai: duk tafkin da ba a ga ƙwai a cikinsa ba ranar duba, za a karɓe injinsa. In kuwa babu injin nan, kwana biyu ya isa ruwan ya lalace su mutu.

Da na samu lita ɗaya da rabi na zuba wa babur, na isa ofis, na hau bene da bokitina. Ranka-ya-daɗe, shugaban ofishin, yana zaune a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki har biyu, ɗaya na aiki, ɗayar na taya ta kallo. Na durƙusa na gaishe shi, na ciro namiji guda mai dogayen hannuwa shuɗaye, na ce ga shaida, kuma ofishinsa ne ya ba ni su.

Ya ja kujera baya don kada ruwa ya taɓa rigarsa.

"Malam, a fom akwai gurbin ƙwai. Ba a barin gurbi haka nan."

"Ranka ya daɗe, maza ne fa."

"To, su ƙara ƙoƙari."

Na roƙe shi ya tambayi malamar, matakala goma sha biyu ce tsakaninsu. Ya ce sashensu daban, sai dai in rubuto. Gaskiya mutumin ya burge ni. Ba kowa ke iya shekara a kan kujera bai bar ilimi ya hau masa bene ba.

A bakin ƙofa masinja ya ja ni gefe. Ya ce, "Baba, kai kaɗai ka zo da gardama. Akwai wani masunci da ke da mace guda mai ƙwai, daga kogi ya kamo ta. Ita ke zaga tafkunan kowa ranar duba."

Na ji kunya, amma na tuna injina. Yau da safe aka kawo mini baiwar Allah a cikin kwano, duk ta galabaita, tafkina ne na goma sha ɗaya. Masu duba suka ɗaga ta sama, aka ɗauki hoto, aka cike gurbi. Motarsu ba ta gama juyawa ba maƙwabcina kafinta ya sure macen a babur ya bi ta lungu, don gidansa za su nufa.

Inji dai ya tsira. Da la'asar kuwa malamar ta kira ni, muryarta a sanyaye. Ranka-ya-daɗe ya ga sakamako ya yi murna ƙwarai: tunda kowane tafki na hayayyafa da kansa, ya ba da umarnin rufe wurin ƙyanƙyashe iri daga wata mai zuwa.

Don haka badi ina da inji, ina da ruwa, ina da takardar yabo, abin da zan zuba a tafkin ne kawai babu. Duk mai neman irin jatan lande ya nufi saman bene, can ne kaɗai maza ke yin ƙwai.