Yadda Aka Kori Ciwon Daji Daga Yankinmu

Tun daga shekarar korona zuwa yau, ba a samu ko mace ɗaya mai ciwon dajin mama ba, daga Talata Mafara har Bakura da Maradun. Ba ni na faɗa ba. Mai Girma Yallaɓai Garkuwan Marasa Lafiya ne ya faɗa jiya, a ƙarƙashin rumfa, da lasifika. Taki na fita saye, na tarar an tare hanya saboda taronsa, sai na tsaya cikin rana na taya tafi. Har ya ce Turawa su zo su koya.

To kafin Turawan su iso, bari in rage musu wahala.

A wani asibiti na yankin nan, wanda ba zan kama sunansa ba, akwai ɗakin da ake duba mata a da. Sista Margaret ce a ciki. Mace ta ji wani baƙon abu a jikinta, ta zo a taɓa, in ya fi ƙarfinsu a tura ta Sakkwato tun da wuri. Da korona ta zo, aka ce ɗakin ya zama na killace masu cutar. Aka yi masa fenti, aka sa gado, aka ɗauki hoto, aka kulle. Sista kuma aka kai ta wani gari aikin annoba. A madadinta aka ba mai gadi 'yar bindigar nan ta auna zafin goshi.

A lokacin ne Marka, matar maƙwabcina Hashimu manomin shinkafa, ta ji wani ƙullutu a mamanta kamar ƙwayar gyaɗa.

"Malam, ba sau ɗaya munka tahi ba," in ji Hashimu. "Mai gadi ya ɗora mata bindiga ga goshi, ta yi ƙara, ya ce lahiyarta lau, mu koma gida, asibiti yanzu ta masu zazzaɓi ce."

"Ba ka ce masa ciwon ba a goshi yake ba?"

"Haba Malam! In gaya ma ƙato inda ciwon matata yake, bakin ƙofa, gaban 'yan acaɓa?"

Ban ga laifinsa ba. Bindigar ma ban ga laifinta ba, abin da aka tambaye ta shi ta amsa.

Korona ta zo ta wuce, amma ɗakin yana nan a kulle. Na tambaya, aka ce tun da babban mutum ne ya rufe shi da biki, ba zai kyautu ƙaramin ma'aikaci ya buɗe shi da makulli kawai ba. Ana jiran ranar da Yallaɓai zai samu sarari.

Kun ga hikimar ke nan. Ba a duba ba, ba a gani ba. Abin da ba a gani ba kuwa, babu shi. Da ana jin shawarata, da an hana jarrabawa a makarantar garin Kaya, a wayi gari ba yaron da ya faɗi.

Shi dai ƙullutun Marka bai ji labarin nasarar ba. Daga gyaɗa ya kai lemon tsami. Da suka isa Sakkwato, likita ya tambaye su ina suka shiga tun tuni, sannan aka cire maman gaba ɗaya. Kada hankalinku ya tashi, wannan bai ɓata mana suna ba. Tun da a can aka gano shi, ciwon na Sakkwatawa ne. Allah ya ba su lafiya.

Da na dawo daga taron na yi sallama gidan Hashimu in gaishe da mai jiki. Rediyo na maimaita jawabin Yallaɓai. Marka na zaune kan tabarma, hannun dama ya kumbura an ɗora shi kan matashi, tana tsintar shinkafa da hagu.

"Sannu, uwar Taiba. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Malam. Na ji an ce ciwon ya ƙare, mun gode Allah." Ta rage murya. "In anka buɗe ɗakin nan ka gaya muna. Taiba ma ta ce ta ji wani abu."

Ta ja mayafi ta rufe gefen da babu komai, ta ci gaba da tsintarta.