Ta'aziyya da Makullin Ofis

Ƙanena ya kawo min manhajar da zai kafa kamfani da ita: imel kamar hira, tana yanke gaisuwa ta bar zance kawai.

"Yaya, za ta karɓu?"

Na gyara hula na ce, "Ai gaisuwa ce ta hana ƙasar nan ci gaba."

Washegari mahaifiyar shugaban ofishinmu ta rasu a Tarauni. Na gwada manhajar, na aika masa doguwar ta'aziyya, can ƙarshe na tambaye shi makullin ofis.

Yana zaman makoki saƙona ya iso, kalma biyu kacal: "Ina makulli?"

Ya aiko da shi. Bai sake amsa gaisuwata ba.

Har yau duk jana'izar da muka je, sai abokan aiki su raɗa min: "Malam, a binne tukuna, ko a kawo makullin?"