Rasuwar Butar Gahawar Dattijo Ottavio

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da ɗacin sabulu, Dattijo Ottavio Scarfone na unguwar Coburg a Melbourne yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar butar gahawarsa, wadda ajali ya riska ranar Lahadin da ta wuce a cikin injin wanke-wanke.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan a jirgin ruwa, naɗe cikin zanen gado a akwatin matarsa Nunzia, Allah ya jiƙanta. Tun daga ranar sabulu bai taɓa jikinta ba, sai dai a ɗauraye da ruwan ɗumi a kife. Cikinta ya yi baƙi ƙirin da man gahawar shekara da shekaru. A wurin Ottavio wannan baƙin shi ne ɗanɗanon, kuma shi ne abin da ya rage masa na hannun Nunzia a gidan.

An shaide ta da haƙuri da sanin ya kamata. Ba ta taɓa neman lantarki ba, ba ta taɓa tambayar sunan kowa kafin ta ba shi gahawa ba. Gahawa mai baƙar suya kaɗai ta sani, irin wadda ke tayar da mutum ya san gari ya waye. Ranar da Graziella, 'yar Ottavio, ta kawo gahawar zamani, mai suya sama-sama, wai tana ƙamshin furanni, marigayiyar ta tofar da ita a kan murhu, kuma wallahi ta yi daidai, abin tsami ne kamar ruwan tsamiya. Maƙwabta za su yi kewar muryarta ta asuba: fshhh, ƙurrr, ƙurrr, ƙurrr.

Ba ta yi jinya ba. Bayan cin abincin rana ne surukinsa Lachlan, mijin Graziella, mutumin kirki mai shegen son taimakon da ba a nema ba, ya leƙa cikinta ya yamutsa fuska. Ya sa soson ƙarfe ya kankare ta tas, don mugun abu ya cika kuma ya jefa ta a inji. Ta fito fara fat, tana barin toka a hannu. Har da murmushi ya miƙo ta: "Baba, dubi nan, kamar yau aka sayo!"

Ottavio ya ce, "Graziella, fitar mini da mijinki daga kicin ɗin nan tun ina ganin girmanki."

Washegari an ɗora ta a wuta ko da sauran numfashi. Abin da ta fitar, tir, kamar mutum ya tsotsi ƙusa. Nan aka tabbatar rai ya yi halinsa.

Ana kuma sanar da jama'a cewa Lachlan ya zo ban haƙuri ɗauke da kofin takarda mai girman bokiti, daga shagunan nan masu rassa a kowace kasuwa. Madara ce fal, da ruwan alewa, da kumfa a sama, gahawar kuwa sai dai a ji labarinta. Ottavio ya sunsuna sau ɗaya ya ce, "Ɗan nan, ka kashe mini buta, sannan ka zo mini ta'aziyya da kunun jarirai?" An zuba wa tumatirin bayan gida, kuma har yanzu tumatirin bai farfaɗo ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar ƙananan kofuna, ɗaya ba hannu, da injin niƙa gahawa na hannu wanda bai sake motsi ba, da Ottavio, wanda ke zama gaban murhu kowace safiya yana kallon bango.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a gindin lemon tsamin bayan gida. Lachlan ne zai haƙa kabari, kuma ba a yarda kowa ya karɓe shi ba. Duk wanda ya zo da kofin takarda a ƙofa zai tsaya. Masu ta'aziyya ruwa za su sha, don sabuwar butar da Graziella ta sayo tana nan cikin kwalinta. Ana roƙon jama'a su daina cewa ita ma za ta yi baƙi wata rana, don mai makokin ya riga ya ba 'yarsa amsa: "Ki ba mijinki, ya samu abin wankewa. Na san za ta yi baƙi, 'yata. Amma waccan shekara hamsin ta ɗauka, ni kuwa na haura tamanin."