Basakkwacen da rana ta kayar a Doha

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fitar da ɗan mutane filin wasa da tsakar rana a Doha. Ko na so in manta ma ba dama, don akwai bidiyon abin, kuma ba a hannuna yake ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata kwaleji a nan. Yanayi da iska da ruwan sama su nake koyarwa, da su nake cin abinci (ku riƙe wannan, zai yi muku amfani nan gaba). Sannan Basakkwace ne ni, irin waɗanda in an yi kukan zafi a gabansu sai su yi murmushi kamar an taɓo sarautar gidansu. Duk Bahaushen da ke unguwarmu ta Abu Hamour ya gaji da jin yadda muke dafa ƙwai a kan rairayi a garinmu, abin da ban taɓa gani da idona ba.

Ina da aboki, Dakta Habu, likita, mutumin Jos. Kullum ina tsokanarsa da cewa a firji aka haife shi. Babban ɗansa Mubarak ɗalibi ne a kwalejinmu, kuma a Doha ya tashi cikin 'ya'yan Amurkawa, har ya ƙware a wasansu na besbol. Wasa ne da wani zai jefo ƙaramar ƙwallo da hannu, wani ya make ta da kulki ya zuba da gudu. Mubarak mai jifa ne, kuma hannunsa na da kyau. Burinsa ɗaya a duniya: wata kwaleji a Amurka ta ɗauke shi ya yi mata wasa, ita kuma ta ɗauki nauyin karatunsa.

Sai korona ta zo. Kocinsu Ba'amurke ya tafi gida hutu, aka rufe hanya, ya maƙale can. Kwalejin da ta nuna sha'awar Mubarak ta ce tunda ba halin tafiya, ya aiko da bidiyon jifarsa kafin a rufe karɓa. Dakta yana asibiti dare da rana da masu cutar, ko 'ya'yansa ba ya bari su matso kusa da shi. Sai ya kira ni.

"Malam, alfarma nake nema. Ka riƙa kai shi fili ka riƙe masa kyamara. Shi ke nan aikin."

Shi ke nan aikin. Amma mai ilimi ba ya iya riƙe kyamara ya yi shiru.

Kafin kocin ya tafi, mun taɓa shan shayi da shi, ya ce mini a ƙasarsu kwalejojin kudu, inda ake ɗumi, su suka fi yin fice a wannan wasa, na arewa masu ƙanƙara kuwa sai dai su bi baya. Ya ma faɗi dalili: na kudu suna atisaye a waje har a lokacin sanyi, na arewa suna kulle a ɗaki suna jiran ƙanƙara ta narke. Wato yawan kwanakin wasa ne sirrin. Ni kuwa rabin farko na ɗauka na bar masa sauran, domin rabin farkon ne ya yi daidai da abin da na daɗe ina so in ji, cewa mu mutanen rana mun fi kowa ƙwari. Na buɗe taswira na duba, na ga Doha ta fi duk jihohinsu na kudun nan zafi. Na ce ashe zinariya muke takawa ba mu sani ba.

Mubarak ya so mu riƙa fita da asuba. Na ce a'a, bayan azahar. Watan Agusta ne, lokacin da hukuma kanta ta hana lebura aikin waje da tsakar rana. Matata ta ce, "Abban Nana, ko tsuntsu ba ya fita yanzu." Na ce mata tsuntsu ba ya neman gurbin karatu.

Muka je wani fili wajen Umm Salal, ni da Mubarak da wani abokin karatunsa ɗan Fakistan mai cafe masa ƙwallo. Ba kowa sai mu. Ina buɗe ƙofar mota gilashina ya yi hazo, iska ta rufe ni kamar an yafa mini jiƙaƙƙen bargo. Zafin Sakkwato busasshe ne, gumi na fita yana bushewa, jiki ya samu sauƙi. Na Doha da tururin teku yake tafe, gumin ba ya zuwa ko'ina. Na koyar da wannan a aji (har tambayar jarrabawa na taɓa yi a kai), amma ranar ban ga ya shafe ni ba.

Na kafa kyamara a kan ƙafafunta na kunna, aka fara. Bayan jifa kaɗan Mubarak ya dafa gwiwoyinsa.

"Kawu, kaina na juyawa. Ko mu bari sai gobe da safe?"

"Yalla, tashi. Jinin Jos na ka damunka. Ni Basakkwace na, rana ƙawata ta, ba ta yi min komi."

Wannan ne abu na ƙarshe da na tuna na faɗa.

Na farka a asibiti da ƙarin ruwa a hannu. Kafin magariba aka sallame ni. Mubarak kuwa ba a sallame shi ba. Zafin ya taɓa masa ƙoda, aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman, kuma saboda korona ko mahaifiyarsa ba a bari ta shiga. Tana zaune a mota a bakin asibiti tana jan carbi. Yana kwance ranar rufe karɓar bidiyo ta zo ta wuce. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, har abinci ya daina shiga.

To ga inda na ƙara wa kaina. Mutane suna ta bugo waya suna tambayar yadda aka yi, ni kuwa akwai wani giɓi a kaina da ban tuna ba. Sai na cike shi da abin da ya dace da mutuncina. Na ce yaron ne ya yanke jiki ya faɗi, ni kuma garin ɗaukarsa in kai inuwa na ƙarar da ƙarfina. Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau biyu, kafin mako ya zagayo ni kaina na yarda. Har wani ya ce mini Allah ya saka da alheri, na ce amin.

Da aka sallamo yaron, muka je dubiya gidansu a Nu'aija, mu kaɗan, kowa da takunkumi, an rarraba kujeru nesa da juna. Mubarak na kishingiɗe, ya rame har wuyansa ya fito. Wani injiniya ya sake tambaya, na gyara zama na fara. Ina cikin nuna yadda na saɓa shi a kafaɗa, sai Dakta ya miƙe ya kunna talabijin.

"Malam, jiya abokinsa ya kawo kyamarar. Ashe ba a kashe ta ba."

Ga ni nan a allo, hannu a ƙugu, ina sanar da duniya cewa rana ƙawata ce. Ban rufe baki da kyau ba na tafi luu, na zube kamar buhun gero. Ɗan Fakistan ya ruga mota neman waya. Mubarak, wanda da ƙyar yake tsaye, ya kama ni ta hammata yana ja (kuma ni ba ƙaramin mutum ba ne, Doha ta karɓe ni). Yana ja yana faɗuwa, yana tashi yana ja, yana cewa, "Kawu, don Allah buɗe ido." Ruwan da ya rage a gorarsa a kaina ya juye shi. Sai da ya kai ni inuwar mota, sannan ya kwanta a gefena bai ƙara motsi ba.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da na ji sauƙi. Injiniyan nan ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Na juya wajen Mubarak, ashe duk ya ji labarin da nake bazawa, bai taɓa ƙaryata ni ba. Dakta ya kashe talabijin ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. A kawo wa baƙi shayi." Ban san yadda na sami ƙofa ba. Na zauna a mota na yi kuka, takunkumi ya jiƙe.

Na koma daga baya na nemi gafara. Dakta ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, amma tun ranar ban sake ce masa ɗan firji ba, shi ma bai sake neman alfarma a wurina ba. Likitoci suka hana Mubarak wasa mai ƙarfi har tsawon lokaci. Kafin ya dawo daidai, kwalejin ta ɗauki wani.

Da gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta zo ƙasar nan, sai ga shi an ɗage ta zuwa lokacin sanyi, an kuma sa na'urar sanyaya iska a filayen. Duniya gaba ɗaya, da kuɗinta da zaratan 'yan wasanta, ta ƙi yin abin da na sa yaron nan ya yi. A bakin ɗaya daga cikin filayen na gamu da shi, cikin rigar 'yan sa-kai, yana nuna wa 'yan kallo hanya. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ya ciro gorar ruwa ya miƙo mini.

"Kawu, riƙe wannan. Layinku akwai rana kaɗan."

Babu ba'a a muryarsa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na karɓa na sha, ko ƙishi ba na ji.

A layin nan na tuna da mahaifina. Manomi ne, a Sakkwato ya yi rayuwarsa duka, kuma ban taɓa ganinsa a gona da azahar ba. Da asuba yake fita, rana na take tsaka yana ƙarƙashin dogonyaro da butarsa. Yanzu in wani ya yi kukan zafi a gabana, nakan matsa masa ya shigo inuwa, ba na gaya masa garinmu.